BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: SHIRIN BAZARA DA TATTALIN GONA GA MANOMIN BIRNI

Jawabin da aka gabatar a wajen babban taron shekara-shekara na ƙungiya, a cikin birnin Kano



Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu unguwanni da limamai, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Shugabannin ƙungiya, malamai, 'yan kasuwa, ma'aikata, iyaye mata da matasa, ina yi wa kowa barka da zuwa. Ina kuma godiya ga kwamitin shirya taro da ya ɗora mini nauyin yin tsokaci a kan harkar noma.

Gabatarwa

Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa mazaunin cikin ganuwa da zancen kunya da fartanya? Amsar tana cikin wannan zaure. Da za a ce duk mai gonar gado, ko ta saye, ko ta haya ya ɗaga hannu, da mun ga hannuwa da yawa. Wani tasa tana Ungogo, wani Gezawa, wani Minjibir, wani Dawakin Kudu, wani kuma can wajen Bichi ko Gwarzo. Kowace damina kuɗi masu kauri suna fita daga wannan birni zuwa waɗannan gonaki, amma idan kaka ta yi, kaɗan ne daga cikinmu ke iya faɗin ko riba suka ci ko faɗuwa suka yi. Abin da nake son in jawo hankalinmu gare shi abu ɗaya ne: amfanin da ake ɗauka da kaka, tun da bazara ake yanke hukuncinsa. Watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya tsananta kuma gona take fayau, su ne watannin aikin mai gona na haƙiƙa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Birni da gona tun asali

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin ganuwa. Magabata da suka riƙa faɗaɗa ta sun zagaye har da filayen noma, domin in abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya a sami abin kaiwa baki. Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Wurare irin su Ɗorayi da Gandun Albasa, waɗanda a yau gidaje suka cinye, asalinsu gandaye ne.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta buɗe sabon babi. Attajiran cikin birni irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suka shiga sayenta, har dalar gyaɗa ta zama tambarin Kano a idon duniya. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da annobar da ta tsumburar da gyaɗa a 1975, suna cikin abubuwan da suka karya wannan ciniki.

Amma abin da ya fi ba masana mamaki game da ƙasar Kano shi ne yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, kuma ba ta mutu ba. Wani masanin ƙasa ɗan Ingila mai suna Michael Mortimore ya yi bincike a kan haka tun cikin shekarun 1960. Abin da ya gani shi ne abin da dattawanmu da ke zaune a nan suka gani da idonsu: da rani jakuna kan shigo ta ƙofofin gari ɗauke da itace da kara, su fita da mangaloli cike da taki. Tokar murhu, da kashin tumaki da awaki, da sharar tsakar gida, duk suna komawa gona. Ƙauye yana ciyar da birni, birni kuma yana ciyar da ƙasar ƙauye. Wannan igiya ce ta yi rauni a zamaninmu, kuma gyaranta yana hannunmu.

Matakin farko: san gonarka, san aljihunka

Da yawa daga cikinmu ba su san girman gonarsu ba. Sai ka ji an ce "ta kai eka biyar," alhali ba a taɓa aunawa ba. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato kimanin eka biyu da rabi, kuma a yau da wayar hannu ma ana iya zagaya gona a san faɗinta. Wanda bai san girman gonarsa ba, ba zai san yawan irin da zai saya ba, balle taki, kuma duk abin da mai tarakta ko 'yan ƙwadago suka faɗa masa, shi zai biya.

Bayan awo sai sanin irin ƙasar. Jigawa mai rairayi ta fi karɓar gero da gyaɗa da wake. Ƙasa mai ɗan nauyi da ke riƙe laima ita ce ta masara da dawa. Kwarin da ruwa ke kwanciya a bar wa shinkafa. Wanda ya tilasta wa jigawa masara don ya ga maƙwabcinsa ya samu a wani wuri, ya sayi wahala da kuɗinsa.

Sannan a zauna da biro da littafi a rubuta komai: sharar gona, huɗa, iri, taki, shuka, noman farko, maimai, feshi, girbi, sussuka, buhuna da kuɗin mota. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin huɗa da na sufuri sun yi tashin gwauron zabi. A 2025 kuwa manoma sun ga yadda farashin hatsi ya faɗi alhali na taki bai sauko ba. Saboda haka, idan an haɗa jimlar kuɗin, a raba ta da farashin buhu ɗaya na lokacin kaka, a ga buhu nawa gona za ta bayar kafin uwar kuɗi ta dawo. Idan kuɗin hannu na hekta ɗaya ne, to a noma hekta ɗaya a ƙosar da ita. Hekta ɗaya mai ƙoshi ta fi hekta uku masu yunwa, domin ukun nan kowacce sai an biya mata kuɗin huɗa da na noma.

Mataki na biyu: taki

Jama'a, a nan nake son in ɗan daɗe. Ƙasarmu mai rairayi ce, ba ta riƙe ruwa sosai, ba ta kuma riƙe abincin shuka. Takin zamani yana ciyar da shuka ne na damina ɗaya, shi kuwa takin gargajiya ƙasar yake ginawa, ya sa ta riƙe laima, ya sa ta riƙe shi kansa takin zamanin kada ruwan Agusta ya wanke shi. Haɗa su biyun shi ne dabara. Wanda ya zuba buhunan kamfa a gonar da ta shekara goma ba ta ga takin dabbobi ba, tamkar mai ɗiban ruwa ne da kwando.

Lokacin kai taki gona shi ne Maris da Afrilu. A jibge shi tsibi-tsibi, a baza shi gab da huɗa domin garma ta binne shi. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona shuka, yana kuma kawo irin ciyawa, don haka a bar shi ya ruɓe na wata biyu zuwa uku, ana yayyafa masa ruwa ana juyawa. Haka nan a rage ɗabi'ar cinna wa gona wuta da sunan shara. Ganye da guntayen kara da aka ƙone abincin ƙasa ne ya tashi a hayaƙi. Bishiyar gawo kuwa a kiyaye ta, domin tana zubar da ganyenta da damina, ba ta yi wa shuka inuwa, kuma kowa ya san yadda gero ke yin kyau a ƙarƙashinta.

Sai dai sharar birni ta yau ba irin ta jiya ba ce. A da, toka ce da kashin dabbobi da ɓawon abinci. Yanzu leda ta yi mata katutu, ga fasassun kwalabe, ga matattun batura, wani lokaci har da allurai. Leda a cikin ƙasa tana hana saiwa tafiya, tana hana ruwa shiga, tana kuma kashe dabbar da ta haɗiye ta. Duk wanda zai sayi tifar juji ya tabbata an tsince ta, kuma ya nisanci sharar asibiti da ta masana'antu ko da kyauta aka ba shi.

Game da takin zamani, ƙa'idar da masana suka bayar ga masara a hekta ɗaya ita ce kimanin buhu 8 na kamfa mai lamba 15-15-15, da kusan buhu 3 na yuriya. Kamfa ana sa shi ne a lokacin shuka ko cikin kwana 10 na farko, yuriya kuma bayan mako 4 zuwa 5. A tona ɗan rami nesa da gindin shuka da kamar faɗin yatsu uku, a zuba, a rufe. Yuriyar da aka watsa a kan ƙasa aka bar ta a rana, rabonta da yawa iska ke sha. Gero da dawa ba su kai masara ci ba. Gyaɗa da wake da waken suya kuwa supa suka fi buƙata, domin saiwarsu tana sama musu sinadarin da yuriya ke bayarwa. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, akwai dabarar da aka jarraba a Jamhuriyar Nijar ta zuba cikin murfin kwalbar lemo ɗaya a kowane rami, wadda take sa ɗan kaɗan ya yi aikin mai yawa.

Mataki na uku: iri

Daminar Kano gajeriya ce. Ruwa yakan zauna ne a cikin Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, ya fara janyewa a ƙarshen Satumba. Irin da ke buƙatar wata biyar kafin ya nuna yana cikin haɗari a irin wannan yanayi. Alhamdu lillahi, cibiyoyin bincike suna kusa da mu. Akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda asalinta ya faro tun 1922. Cibiyoyin duniya na IITA da ICRISAT suna da ofisoshi a nan Kano, Jami'ar Bayero kuma tana da cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Daga irin waɗannan wurare aka fitar da masarar da ke nuna cikin kwana 90 zuwa 95, da geron SOSAT, da gyaɗar SAMNUT 24 mai saurin nuna, da waken SAMPEA 14 mai jure wuta-wuta. A 2019 kuma aka amince da waken SAMPEA 20-T, wanda tsutsar da ke huda fure da kwanson wake ba ta cin sa, abin da ya rage yawan feshi ƙwarai.

A sayi iri tun cikin Afrilu ko farkon Mayu, daga dillalin da aka sani, a cikin ledarsa mai tambarin hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa. Ranar da ruwan shuka ya sauka, kasuwa takan cika da hatsin ci da aka shafa wa jan launi ana kiransa iri. Araha ba ta ado. Masarar aure, wato wadda kamfani ya haɗa daga iyaye biyu, ba a ɗebe irinta daga rumbu a sake shukawa, domin 'ya'yanta ba sa gadon ƙarfinta.

Akwai gwaji mai sauƙi da ko yaro zai iya yi a tsakar gida. A ƙirga ƙwaya 100, a shimfiɗa su a jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsumma, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa har mako guda. Idan 85 ko fiye suka tsiro, iri ya yi. Idan abin ya gaza 70, a nemi wani tun da sauran lokaci.

Mataki na huɗu: shuka a kan layi

Ruwan farko yana da ruɗi. Sau da yawa akan yi ruwa mai ƙarfi a cikin Mayu, mutane su ruga su yi shuka, sannan sama ta ɗauke na mako biyu ko uku. Gero yakan jure, shi ya sa iyayenmu ke yin binne da shi tun kafin ruwa. Masara da gyaɗa ba su da wannan haƙuri, kuma irinsu da tsada. A saurari hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, a kuma tona ƙasa a gani. In laima ba ta kai tsawon tafin hannu ba, a dakata.

Idan gona tana da gangare, kunyoyi su gitta gangaren, kada su bi shi, in ba haka ba kowane kwari zai zama hanyar da ruwa zai kwashe ƙasa da taki. Tazarar masara ita ce santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 25 tsakanin rami da rami in tsiro ɗaya za a bari, ko santimita 50 in biyu ne. Wannan yana ba da tsiro kusan 53,000 a hekta, kuma kilo 20 zuwa 25 na iri ya isa. Ɗan ƙwadagon da aka yi jinga da shi yana sauri ne ya gama, sai ya buɗe taku, gona ta tashi da rabin adadin da ya kamata. Mai gona ya biya kuɗin huɗar hekta ɗaya da takin hekta ɗaya, amma rabin hekta ya shuka bai sani ba. Igiya mai ƙulli-ƙulli da sanda da aka auna sun isa su toshe wannan ɓaraka. Matsakaicin abin da hekta ɗaya ta masara ke bayarwa a Nijeriya bai cika wuce tan 2 ba, wato buhu 20, alhali da iri mai kyau da cikakkiyar tazara da taki a kan kari ana samun ninkin haka.

Haɗa amfani biyu ko uku a gona ɗaya, kamar yadda ake yi a tsarin gicci, hikima ce ta magabata: in gero ya ƙi, dawa ta yi, in dawa ta ƙi, wake ya rufa asiri. Masu bincike na IITA a nan Kano sun gyara tsarin, suka ce a yi layi 2 na dawa ko masara, sannan layi 4 na wake. Da haka wake yana samun rana, feshinsa yana yin sauƙi, ga harawa mai yawa ta dabbobi. Shekara mai zuwa sai a sauya, hatsi ya hau inda wake ya tashi.

Mataki na biyar: makonni shida na farko

Ciyawar da ta rigayi shuka ƙarfi a makonni shida na farko ta riga ta ci rabonta, ko da an nome ta daga baya. Noman farko ya kasance cikin mako na biyu zuwa na uku, maimai kuma cikin na biyar zuwa na shida. A yi jinga da masu aiki tun da bazara, domin a tsakiyar damina kowa nemansu yake yi. Wuta-wuta alama ce ta gajiyar ƙasa. Tsiro ɗaya nata yana zubar da dubban ƙwayoyi da ke iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10, don haka a tuge ta kafin ta yi fure, a ƙara taki, a kuma riƙa juya gonar da waken suya ko gyaɗa.

Tun 2016 wata baƙuwar tsutsa 'yar asalin nahiyar Amurka ta shigo ƙasar nan, tana shiga cikin kunnen masara tana ci. Maganinta na farko shi ne zagaya gona aƙalla sau ɗaya a mako, ana leƙa cikin tsiro. In ta kama a yi feshi, a yi shi da sassafe ko da yamma, da shawarar malamin gona, mai feshin kuma ya rufe hanci da jiki.

Noman waya

Ya ku 'yan'uwa, babbar cutar manomin birni ita ce abin da wasu ke kira noman waya: a tura kuɗi, a buga waya a ji labari, sai ranar girbi a je da buhuna. Gani ya kori ji. Akwai ranaku huɗu da bai kamata mai gona ya wakilta kowa ba: ranar shuka, ranar sa kamfa, ranar sa yuriya, da ranar girbi. Wanda ke kula da gona a biya shi haƙƙinsa a kan lokaci, in da hali a ba shi wani kaso daga amfanin, domin wanda yake da rabo a gona ba ya barin ta ta lalace. Duk wata yarjejeniya ta aro ko haya ko jingina a rubuta ta a gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu. Rigingimun gona da yawa da suka raba zumunci, da takarda ɗaya ta hana su.

Har ila yau, wurin ajiya ma tun yanzu ake tanadarsa. Buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da ko ɗigon magani ba. Mu tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan guba da aka samu a cikinsa, kuma irin wannan waken shi muke dafa wa iyalanmu. Sannan a sa zakka cikin lissafi tun farko: ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga na ban-ruwa, idan ya kai nisabi.

Kira ga ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina ba wannan ƙungiya mai albarka shawarwari huɗu:

1. A buɗe rajistar 'yan ƙungiya masu gona, da inda gonar take, da girmanta, da abin da ake shukawa.

2. A kafa asusun da za a riƙa tara kuɗi tun daga kaka, a sayi iri da taki a dunƙule kafin farashi ya tashi.

3. A haɗa matasan unguwanninmu su riƙa tattara toka da kashin dabbobi daga gidaje, su tsince leda, su ruɓar da shi su sayar wa masu gona. Lungunanmu za su tsabtata, magudanun ruwa za su huta, matasa za su sami abin yi, gonaki kuma za su farfaɗo.

4. A riƙa gayyato malamin gona daga hukumar KNARDA kowane watan Maris, a kuma ware 'yar gonar gwaji inda yaranmu da suka tashi a cikin birni za su ga yadda ake yi.

Kammalawa

Ruwa na Allah ne, shi ke saukar da shi a lokacin da ya so. Amma awon gona, da kai taki, da zaɓen iri, da jan igiya, da zuwa duba shuka, waɗannan an bar mana su. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ina roƙon kowane mai gona a cikinmu, kafin wannan wata ya ƙare, ya taka ya je gonarsa da littafi a hannu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya, ya zaunar da Kano da ƙasarmu lafiya.